Gudun Legas da yayen Ummi

Jos, Disamba 2024

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, karatu yana tafiya yadda ake so, kuma malamin da yake duba aikinka ya fara sassauta maka. Saƙonninka duka sun iso, har da na ƙarshe wanda ka tambaya ko na je na duba katangar filinka, sannan ka ƙara da cewa idan mutuwa na yi a daure a sanar da kai. Ina nan da raina, kuma zan zo kan maganar katangar. Abin da ya ɓatar da ni shi ne na yi rajistar gudun fanfalaki na Legas da za a yi a watan Fabrairu, cikakken gudun na kilomita 42 da mita 195, kuma na yi hakan ne a daidai lokacin da ake yaye Ummi.

Na san yanzu ka ajiye wayar kana dariya, domin kai shaida ne cewa a makaranta ni ne nake ɓuya a bayan ɗakin girki duk ranar da aka fitar da mu gudun safe. Ka gama dariyarka. Tumbin da ka bari a nan ya tafi, kuma hotonka da na gani ranar sunan ɗan autanka ya nuna mini inda ya koma.

Gasar ta soma ne a 2016, kuma ana tashi da sassafe daga babban filin wasa na Surulere, a hau gadar Third Mainland wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, a ƙare a Eko Atlantic. 'Yan Kenya da Habasha ne suke kwashe manyan kyaututtukan, a cikin 'yan gida kuma yaran Filato ne suke yawan yin gaba, musamman na wajen Fankshin. Wani daga cikinsu, wanda ya bar shiga gasa saboda gwiwa, shi ne yake duba ni ranar Asabar. Ya tsara mini fita huɗu a mako: uku gajeru, ɗaya mai tsawo da ake ƙara mata nisa sannu a hankali har ta kai kilomita 30 ko 32, sannan a rage komai a makonni biyu zuwa uku na ƙarshe domin jiki ya huta. Ya hana ni ƙara fiye da kashi ɗaya cikin goma na nisan makon da ya wuce. Tsarin yana da kyau ƙwarai a takarda, sai dai wanda ya rubuta shi bai yi shawara da yarinya 'yar shekara biyu ba.

Ƙafa ba ta ba ni matsalar da na zata ba. Barci ne ya zama abin nema. Ka san maman Ummi tana aikin jinya, kuma mako guda a cikin kowane wata kwanan asibiti take yi. Hajiya ta ce a kai mata yarinyar Bauchi a yaye ta a can kamar yadda aka yi mana, amma uwar ta ce ba za ta iya ba, ni ma a raina ban so ba, saboda haka yaye ya faɗo a kaina. Daren farko da aka hana ta nono ta yi kuka har maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko lafiya. Na ba ta kunun gyaɗa ta ture, na ba ta shayi ta watsar, daga ƙarshe na ɗauki zanen uwarta na goya ta, na yi ta kai da kawowa a tsakar gida cikin sanyin nan namu har aka yi kiran assalatu. Matar maƙwabcin ta hango ni ta taga, kuma kafin azahar duk layin ya san cewa na iya ɗaurin goyo. Da gari ya waye ranar dogon gudu ce, na fita, amma ban yi nisa ba na ji ƙafafuna kamar na wani ne aka ara mini, na hau keke na dawo gida.

Mai horar da ni ya ce a lokacin barci ne tsoka take gyara abin da gudu ya ɓata, kuma wanda yake tara nisa ba ya barci rauni yake tarawa. Na ce masa ya zo ya faɗa wa Ummi. Hajiya kuwa da ta ji labari a waya sai ta ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, ta kuma tambaye ni wanda ya biyo ni da nake gudu tun da asuba, alhali ga mota a ƙofar gida.

Bari in ba ka labarin yadda nake fita, domin ya zama sana'a. Tun da dare nake ajiye takalma da safa da dogon wando a falo, in cika gorar ruwa, in zuba dabino a aljihu. Idan na dawo daga masallaci ba na shiga ɗakin kwana, domin ko numfashina ta ji sai ta farka. Ƙofar falo tana ƙara, na ɗiga mata man keken ɗinki. Duk da haka akwai ranar da na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmi, sai na ji ƙaramin hannu a wuyana, na waiga na gan ta tsaye da takalminta na roba ƙafa ɗaya a hannu, tana cewa, "Abba, gudu." Ba yadda za a yi mutum ya rufe ƙofa a kan wannan fuskar. Na sa mata rigar sanyi da hula, muka yi tafiyar ƙasa zuwa wajen mai ƙosai muka dawo, aka rubuta ranar a cikin waɗanda suka ɓata. Dabinon ma da nake ɓoyewa domin dogon gudu ta gano wurinsa, sai dai in tarar da ƙwallaye a cikin takalmina.

Yanzu ga abin da yake damuna, kuma shi ya sa na zauna rubuta maka. A watan jiya hazo ya sauka da ƙarfi, mura ta kama ta, ta zo da zazzaɓi da tari, muka yi kwanaki muna zirga-zirgar asibiti. Alhamdu lillahi ta warke sarai, har ta fi da ɓarna. Amma ni na rasa dogayen gudu a jere, kuma har yau abin da na fi yi ya haura kilomita 20 da kaɗan ne kawai. Masu gudu suna cewa gasar gaskiya tana farawa ne bayan kilomita 30, lokacin da abincin da jiki ya adana a tsoka da hanta yake ƙarewa, mutum ya ji ƙarfi ya yanke masa gaba ɗaya. Ni ko kusa da wurin ban taɓa zuwa ba. Ga kuma bambancin yanayi. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, kuma ana cewa wannan riba ce ga huhu, ko da yake ba ta kai Iten ta Kenya ba, inda zakarun duniya suke atisaye a tsayin kusan mita 2,400. Sai dai ni a cikin sanyi da busasshiyar iska nake gudu, Legas kuwa zafi ne da gumi wanda ba ya bushewa a jiki. An ba ni shawarar in riƙa fita da hantsi wani lokaci domin in saba da rana, in kuma riƙa shan ruwan gishiri da sukari, irin dai wanda muke haɗa wa Ummi. Hantsi kuwa lokacin ofis ne, ranar Lahadi kuma lokacin uwarta ne na ramuwar barci.

A nan ne maganar ta fi nauyi. Kowace sa'a da na yi a kan titin Rayfield ko hanyar Lamingo, daga lokacin maman Ummi na ɗebo ta. Dogon gudu yana cin safiyar Asabar gaba ɗaya, idan na dawo kuma ba ni da amfani har la'asar, ina kwance ƙafa a kan matashi ina neman a miƙo mini ruwa. Ba ta taɓa cewa in bari ba. Abin da ta yi shi ne ta ciro kalandar bango ta juya bayanta, ta ja layi biyu, ta rubuta kwanakin aikinta a gefe guda da kwanakin guduna a ɗaya gefen, duk inda suka yi karo kuma nata ne yake ci. Ta kuma sa sharaɗi cewa wankan Ummi na yamma da ba ta abincin dare nawa ne kullum, ko da rarrafe na dawo, sannan daga ranar da na sauko daga Legas duk Asabar ta zama tata har bayan babbar salla. Na sa hannu ban yi musu ba, domin na ga ragi aka yi mini.

Na so in burge ta da labarin Paula Radcliffe ta Ingila, wadda ta haihu a watan Janairun 2007 ta kuma ci gudun New York a watan Nuwamban shekarar, da Faith Kipyegon ta Kenya, wadda ta haifi 'yarta a 2018 ta dawo ta ci zinare a gasar Olympics ta Tokyo, bana kuma ta sake ci a Paris. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce waɗannan su suka yi naƙudar kuma su suka yi gudun, ni wanne na yi a ciki? Tun daga ranar ban sake kawo misali ba.

Af, mutumin naka na shagon waya ya ce zai bi ni. Ya je kasuwar Katako ya sayi takalman gwanjo masu tsada fiye da nawa, ya zo sau ɗaya, muka kai gindin hawan farko ya tuna cewa yana da baƙi. Yanzu takalman yake sawa zuwa ɗaurin aure. Liman kuma ya tsare ni bayan sallar magariba yana tambaya ko da gajeren wando zan yi gudun a gaban jama'a, na tabbatar masa cewa nawa har idon sawu yake, ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma in tuna azumi yana tafe a bayan gasar, kada in dawo da ƙafar da ba za ta iya tsayuwar asham ba.

Ban sa wa kaina lokaci ba. Kelvin Kiptum na Kenya ya yi nisan nan cikin sa'a 2 da sakan 35 kacal a Chicago bara, kafin hatsarin mota ya ɗauke shi a farkon shekarar nan. Ni idan na shiga Eko Atlantic da ƙafafuna kafin a naɗe tabarma, ko da sa'a biyar da rabi ne, na gode wa Allah. Mai horarwa ya ce idan na samu kilomita 28 zuwa 30 sau biyu kafin ƙarshen Janairu zai bar ni in tafi, idan kuwa ban samu ba in koma gudun kilomita 10 da ake yi a ranar. Ban gaya wa kowa wannan ba sai kai, saboda Hajiya ta riga ta sanar da dangi cewa za a nuna ni a talabijin.

Ina neman alfarma biyu. Ka yi wa kawunka na Agege magana ko zai ba ni masauki na kwana biyu, kuma ka tambaye shi yadda ake isa Surulere kafin asuba a ranar da aka rufe hanyoyi. Sannan ka ba ni shawara tsakani da Allah a kan tafiya da iyali: uwar tana so ta ga teku, ni kuma ina tsoron daren gasa a ɗaki ɗaya da Ummi. Idan akwai mai zuwa gida kafin Fabrairu, ka aiko mini da safar gudu mai kauri, lamba 43, domin ta nan tana yi mini bororo a yatsa.

Ka gaishe da uwargida da yara. Maman Ummi tana gaishe ku, ta ce a gaya wa ƙawarta kada ta bari ka karanta wannan wasiƙa sau biyu, don kada kai ma abin ya shige ka.

Naka har kullum,
Abban Ummi