Bayanin kwamitin gyaran makarantar Islamiyya ta unguwa kan yadda aka kashe kuɗin gudummawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu, malamanmu, da duk wanda ya sa hannu a aljihu saboda wannan makaranta, tun da aka gama aiki muke jin tambaya a bakin masallaci da wajen suna da ɗaurin aure: wai rufi kawai aka ce za a gyara, ina sauran kuɗin? Wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya tambaya, mu kuma da aka ɗora wa amana wajibi ne mu amsa.

Kowa ya san mafarin abin. Iskar farkon daminar 2023 ta yaye kwanon azuzuwa uku, yara suka koma karatu a rumfar masallaci. Aka kafa kwamiti, aka yi kiyasi, aka fara tara kuɗi. Mun tsaida shawarar a jira ruwa ya ɗauke kafin a taɓa komai, kuma a sayi kaya kai tsaye a kasuwa maimakon a ba ɗan kwangila. Rodi da ƙusa daga kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano aka ɗauko, katako daga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, kowane saye da rasidinsa.

Abin da ya ci kuɗi, kuma shi ne aka fi magana a kai, katako ne. Kiyasin farko an yi shi ne daga ƙasa, ana kallon silin. Ranar da kafinta ya hau ya cire ragowar kwanon, sai ya kira mu mu gani da idonmu. Ya sa sukundireba a jikin wani babban katako, ta shige har ƙota ba tare da ya matsa ba, garin katako yana zuba. Gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Da muka bi sawu, sai ga hanyarta ta laka ta taso daga gindin bango ta bayan allo har sama. Shi ya sa iska ta ɗaga rufin cikin sauƙi, ƙusa ba ta da abin kamawa.

Wasu sun ce ai da an tsinci masu kyau an haɗa da sababbi. Mun duba wannan. Idan ka ɗora sabon katako kan wanda gara ke ciki, abinci ka kai mata. A ƙarƙashin wannan rufin yara ne ke zaune safe da yamma, babu ɗaya daga cikinmu da ya yarda ya sa hannu kan faci. Don haka aka sauke katakon gaba ɗaya, aka sayi busasshe mai tauri, aka shafe kowane guda da maganin gara kafin a hau da shi, har da bakin da zarto ya yanka, domin ta nan take fara shiga. An kuma haƙa ƙaramin rami zagaye da ginin an zuba magani, an tone gidan garar da ke bayan katanga.

Sai maganar kwano. Gaskiya ne akwai mai araha a kasuwa, kuma gaskiya ne mun bar shi mun ɗauki mai kauri. Siririn kwano yana yagewa a bakin ƙusa, kuma cikin 'yan shekaru tsatsa take huda shi. Mun kuma sa an ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin kankaren da aka zuba a saman bango, abin da tsohon ginin ba shi da shi kwata-kwata. Wannan kankaren ba ya cikin kiyasin farko, amma ba tare da shi ba, duk iskar bazara mai ƙarfi za ta iya maimaita mana abin da ya faru.

A kan haka tsada ta same mu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin tifar yashi da na dako suka tashi. A watan Fabrairun 2024, daidai lokacin da muke shafe, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti aka yi maganar a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Kiyasinmu an yi shi ne lokacin da farashi bai kai ko kusa da haka ba. Wani ya ba da shawarar a ƙara yashi a rage siminti don kuɗi ya kai. Mun ƙi. Shafen da aka yi wa rowar siminti da hannu ake goge shi, damina ɗaya ya zube. Bulon ma da kanmu muka tsaya aka buga, aka yi masa ban ruwa na mako guda, shafen shi ma aka riƙa jiƙa shi safe da yamma don kada iskar hunturu ta tsattsaga shi.

Littafin shige da fice da duk rasidai suna hannun ma'aji, kwafinsu kuma yana manne a allon sanarwa na makaranta. Duk mai shakka ya zo bayan sallar La'asar, za a zauna da shi a bi layi-layi. Ko kuɗin abinci babu ɗan kwamitin da ya taɓa karɓa.

Godiyarmu ba za ta misaltu ba ga bawan Allahn nan da ya ɗauki nauyin kwanon aji guda shi kaɗai, ya kuma roƙe mu kada a faɗi sunansa. Lokacin da siminti ya gagare mu, shi ne ya sake turo mota da dare. Allah ya gina masa gida a Aljanna, ya jiƙan magabatansa. Iyayenmu mata da suka ware kwasar adashinsu guda suka kawo, Allah ya shirya musu zuriya. Tsofaffin ɗaliban da ke Abuja da Legas, Mai Unguwa, Malam Liman da bai gaji da tunatarwa ba, da samarin da suka yi aikin lebura kyauta, Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Aiki kuwa bai ƙare ba. Banɗakin makaranta har yanzu ba shi da ƙofa a ɓangaren 'yan mata, sokawe ya cika yana tsiyaya ta bayan katanga, kuma babu magudanar da za ta janye ruwan indararo daga gindin ginin. Wannan danshin shi ne ya jawo gara tun farko, idan aka bar shi zai jawo ta kuma. Muna so a gama kafin ruwa ya sauka. Mai buhun siminti ɗaya ya kawo, mai bulo goma ya kawo, magini ko mai gyaran famfo da zai ba da yini guda ya rubuta sunansa wajen ma'aji. Za a yi zama ranar Asabar bayan La'asar a harabar makaranta, kuma muna roƙon waɗanda suka yi tambaya su fi kowa zuwa da wuri.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin Gyaran Makaranta