A Yi Hattara Wajen Ba da Labarin Maganin CAR-T

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan maganin sankarar jini da ake kira CAR-T, wanda wasu ke yayata shi kamar an ga bayan ciwon daji baki ɗaya, alhali maganar ba ta kai nan ba.

Yadda ake yin sa shi ne, a haɗa majinyaci da na'urar da za ta tace wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, ta mayar masa da sauran jininsa. A ɗakin gwaje-gwaje ake sauya halittar waɗannan ƙwayoyi domin su riƙa gane wata alama, galibi CD19, da ke jikin ƙwayoyin cutar, a hayayyafa su har su kai miliyoyi, sannan bayan 'yan makonni a mayar masa da su ta jijiya. Da wannan magani aka ceto Emily Whitehead a birnin Philadelphia na Amurka a 2012, tana ƙaramar yarinya, bayan sauran magunguna sun gaza, kuma a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Kymriah, na farko a irinsa.

Sai dai amfaninsa ya fi tabbata ne a wasu nau'o'in sankarar jini da ta ɓargo, kuma akan koma gare shi ne idan cutar ta ƙi jin magani ko ta dawo. Haɗarinsa ma ba na wasa ba ne, domin garkuwar jiki takan yi bore, zazzaɓi mai zafi ya rufe mutum, jininsa ya yi ƙasa, wani ya ruɗe har magana ta gagare shi. Ita kanta Emily sai da ta kwanta a sashen kulawa ta musamman. Asibitin da ba shi da irin wannan sashe bai kamata ya taɓa wannan magani ba.

Ga kuma tsada. Dala 475,000 aka sanya wa Kymriah da ya fito. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Indiya, wadda ta amince da nata, NexCAR19, a 2023, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan farashi.

Ina fata jaridarku za ta tattauna da likitocin jini, su fayyace wa masu jinya wanda maganin ya dace da shi da wanda bai dace da shi ba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku.