Kun yanke abin kallon a takardar Jefferson

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rahotonku na makon jiya kan masu tara tsofaffin takardun Amurka, inda marubucin ya yi ta zuzuta wata takardar izinin jirgin ruwa mai sa hannun shugaban Amurka Thomas Jefferson da sakataren harkokin wajensa James Madison, sai ka ce shugaban ya zauna ya rubuta ta da kansa. Ba haka ba ne. Irin waɗannan takardu, shugaban ƙasa da sakataren harkokin waje kan sa musu hannu ne tun ba a cike su ba, a tura wa jami'an kwastan na tashoshin jiragen ruwa su rubuta sunan jirgi da na kyaftin. Shi ya sa ba su da wuyar samu a wajen gwanjo.

Abin kallo yana can saman takardar. Da gangan ake yanke shi kwana-kwana, kamar tafiyar maciji, a aika guntun zuwa Arewacin Afirka. Idan masu tare jirage a Bahar Rum suka tsayar da jirgin Amurka, sai su ɗauko nasu guntun su kara. In baki ya haɗu da baki, a wuce lafiya, ko da mai dubawar bai san ko bihim a Turanci ba. Wannan dabara ta biyo bayan yarjejeniyar 1795 da Aljiyas, lokacin da Amurka ke biyan kuɗi don a ƙyale mata jirage.

Takarda kuwa ba kullum ta wadatar ba. A 1801 Yusuf Karamanli, Pasha, wato mai mulkin Tarabulus (wannan dai Tarabulus da fataken Kano suka daɗe suna cinikayya da ita), ya sa aka sare sandar tutar ofishin jakadancin Amurka, yaƙi ya ɓarke. A 1803 jirgin yaƙin Amurka mai suna Philadelphia ya kafe a bakin garin, aka kama mutum sama da 300. A Fabrairun 1804 hafsan sojan ruwan Amurka Stephen Decatur ya lallaɓa cikin dare ya cinna wa jirgin wuta, don kada a juyo da shi kan Amurkawa.

Sai ga shi hoton da kuka buga an datse saman, an bar mana sa hannu kawai. Don Allah a sake buga shi ɗungurungum.

Naku,
Mai karatu daga Zariya