Zuwa ga ɗalibar da ta tambaye ni yadda HIV ke shiga sojan jiki mai barci

Assalamu alaikum 'yata,

A taron 1 ga Disamba kin miƙe gaban jama'a kin ce, "Malam, tunda yawancin sojojin jiki na CD4 hutawa suke yi, ta ina HIV take shigarsu?" Lokaci ya ƙure na amsa sama-sama, abin ya tsaya mini a rai. Ga cikon.

Barci sojan yake yi, amma ƙofarsa tana nan. HIV tana lulluɓe da mayafin kitse, a kansa akwai ƙayoyi goma sha wani abu. Kowace ƙaya furotin iri biyu ne: gp120 a sama, gp41 a ɓoye ƙarƙashinsa. Da gp120 ya cafke CD4, wato furotin da ke kan fatar sojan wanda daga gare shi ya samu sunansa, sai ya sauya siffa, ya kama mariƙi na biyu, CCR5 ko CXCR4, waɗanda aka gano aikinsu a 1996. Nan ne gp41 yake miƙewa ya soki tantanin sojan, sannan ya naɗe kamar askar wanzami, ya janyo tantanin sojan da mayafin HIV su manne. Kin taɓa ganin ɗigon manja biyu a kan miya sun taɓa juna sun koma ɗaya? To haka. Ƙofa ta samu, kayan cikin HIV su zube ciki.

A ganina shigar ce mai sauƙi, wahalarta tana ciki. Ƙarƙashin tantanin akwai raga mai tauri ta zaren furotin da ake kira aktin, sai kamun CXCR4 ya tada kofilin, wani furotin na sojan, ya sassauta ta. Gaba kuma SAMHD1, wani furotin na cikin sojan, ya lalata tubalan da HIV za ta gina DNA ɗinta da su, ta zama magini ba ƙasa. (HIV-2, nau'i na biyu na ƙwayar da ake samu a nan Yammacin Afirka, ta fi wayo a wannan gaɓar, tana tafe da furotin Vpx mai kawar da SAMHD1.) Shi ya sa yawancin shigar a banza take ƙarewa.

Waɗanda suka dame mu su ne sojojin da ta kama suna farke, ta dasa kanta cikin DNA ɗinsu, suka koma barci da ita. Kusan ɗaya ne cikin miliyan, amma kafin rabinsu su ƙare sai an yi wata 44. Maganin enfuvirtide na 2003 yana hana gp41 naɗewa, maganin maraviroc na 2007 yana toshe CCR5, duk masu gadin ƙofa ne, ba sa kai wa wadda ta riga ta kwanta a ɗaka. Don haka ki faɗa wa wanda gwajinsa ya daina nuna ƙwayar kada ya ajiye maganinsa, cikin 'yan makonni take dawowa.

Wassalam,
Malaminki na ilimin halittu