Marubucin ya kashe masoyan ne don ya huta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan littafin soyayyar nan da shafinku na adabi ya yi sharhinsa kwanakin baya, wanda mai sharhin ya yaba wa ƙarshensa matuƙa. Wata 'yar'uwata da ta zo Umra daga Kano ce ta kawo mini shi cikin tsaraba, tare da kuka da daddawa, na kuwa karanta wa mahaifiyata shi a bayyane cikin dare shida, bayan sallar isha'i, kasancewar ita ba ta karanta boko, Larabci da ajami kawai ta sani.

Ga wanda bai karanta ba, labarin wani saurayi ne da ya kasa haɗa kayan lefe, sai ya biya kuɗin Umra ya maƙale a nan Makka domin ya nemi abin aure. Kafin shekara ta zagayo uban yarinyar ya ba da ita ga wani attajiri, ta kwanta ciwo, ta yi aman jini, ta cika a daren da aka kai ta ɗakin miji. Da labari ya iske saurayin sai ya yanke jiki ya faɗi a cikin Harami, aka yi masa sallah, aka rufe shi a maƙabartar Ma'alla.

Ba zan ɓoye ba, na zubar da hawaye, musamman a babin da uwar yarinyar take ninke mata zannuwa tana zuba su a akwati ba tare da ɗayarsu ta iya duban fuskar ɗaya ba. A nan marubucin ya nuna cewa ya san cikin gida, ya san kuma irin shirun da mata ke yi idan maigida ya riga ya yanke magana. Amma da na kai shafin ƙarshe na ɗaga kai, sai na ga idon mahaifiyata a bushe. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wannan yaron bai san zaman Makka ba."

Na kwana ina juya maganarta, kuma na yarda da ita. Ban damu sosai da ƙananan kurakurai ba, kamar yadda aka sa abokin marigayin ya je ya karanta sunansa a jikin kabari, alhali kaburburan nan ba a rubuta musu suna, dutse ne kawai ake ajiyewa, kuma yawancin waɗanda ake sallata a Harami a yau maƙabartar Shara'i ake kai su, ba Ma'alla inda Nana Khadija take kwance ba. Abin da ya dame ni shi ne aikin da mutuwar ta yi a cikin labarin. Da zarar an ce mutum ya rasu a Harami, duk Bahaushen da ya ji zai ce ya dace, Allah ya sa mu yi irin ƙarshensa, daga nan kuwa babu mai sake waiwayar uban da ya karya alkawari, ko dangin da suka tsawwala lefe har suka kori yaro daga garinsu. Marubucin ya wanke kowa da ruwan Zamzam, ya rufe littafinsa ya huta.

Mu da muke zaune a nan mun san cewa irin wannan saurayi ba kasafai yake mutuwa a shekarar farko ba. Zama yake yi babu igama, wato takardar izinin zama, yana bin lungu idan ya hango motar jami'ai, ba ya iya komawa gida saboda kunyar komawa hannu rabbana, ba ya kuma iya yin aure a nan cikin sauƙi saboda ba shi da takardar da za a rubuta auren da ita. Wasu an kwashe su a samamen da aka fara a Nuwamban 2013, wasu a na 2017, aka tsare su a Shumaisi, inda ake ajiye waɗanda za a mayar ƙasashensu, kafin a sa su a jirgi da kayan jikinsu kawai. Waɗanda suka fake a Jidda kuma, rusau ɗin da aka yi a unguwanni irin su Karantina da Sabil a 2021 da 2022 ya watsa su. Ni kaina a nan aka haife ni, kakana ya zo ne a ƙasa ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru yana noman ƙodago a hanya kafin ya ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin, amma har yau haihuwa a ƙasar nan ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa.

A lungunmu akwai wani dattijo tela wanda muke kira Baba, ya zo tun ban yi wayo ba, kuma dalilin zuwansa bai bambanta da na saurayin littafin ba. A ƙarƙashin kekensa na ɗinki akwai wata akwatin ƙarfe mai ɗauke da turamen atamfa da ya saya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda zanensu ya daɗe da fita yayi. Wadda ya saya wa ta yi aure tuntuni, an ce har ta aurar da jikoki, kuma ta taɓa zuwa aikin Hajji ta sauka a masaukin da bai fi tafiyar rabin awa da shagonsa ba. Ya sani, amma bai je ba. Ranar da alhazan jiharta suka tashi, ya buɗe shago da wuri kamar kullum, ya ci gaba da rage wa wani yaro tsawon jallabiya. Wannan babin ne na so in karanta, kuma ina ganin marubucin da ya iya rubuta uwa tana ninke zannuwa zai iya rubuta shi idan ya daure ya bar mutanensa da rai.

Jiya na kai wa Baba ɗinki, ya ga littafin a jakata ya tambaye ni labarin mene ne. Na ce masa na wani yaro ne da ya zo neman kuɗin lefe. Ya gyara zaman tabaransa, ya zura zare a allura, sannan ya tambaye ni ko yaron ya koma gida.

Wassalam.

Wata mai karatu,
Unguwar Misfala, Makka, Saudiyya.