Wasiƙa daga yankin Tirol na tsaunukan Turai: yadda ake renon furen edelweiss

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da su Inna da Baba da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, na ga tambayarka a kan farin furen nan mai gashi da ke jikin tsabar santi biyu ta Ostiriya, wanda ka ce kana so ka sa a aikinka na makaranta. Tunda muna renonsa a gandun tsirran da nake aiki, bari in warware maka zare da abawa, don maganar ta fi ƙarfin saƙon waya.

Sunansa edelweiss, haka za ka gani a jikin takardar iri. Masana suna rubuta Leontopodium nivale, tsofaffin littattafai kuwa Leontopodium alpinum. Danginsa ba baƙi ba ne a wurinka, gida ɗaya ya fito da shuwaka da latas da tazargade. Farin tauraron da kowa ke kira fure, ganyaye ne masu gashi da suka yi wa furen zobe. Ainihin furannin suna tsakiya, 'yan dunƙule-dunƙule ruwan ɗorawa, galibi biyar ko shida, kowanne wajen milimita 5, kuma kowane dunƙule tarin furanni ne ƙanana ƙwarai. Ƙudaje ne suka fi ziyartarsa. In ka shafa ganyen za ka ji laushi kamar kunnen ɗan akuya, gashin nan kuwa shi ke kare shi daga ƙunar ranar tsauni da sanyi da busasshiyar iska.

Mazauninsa tsaunukan Alps ne da Pyrenees da Carpathia a nahiyar Turai, tsakanin mita 1,800 zuwa 3,000 sama da teku, a tsagar farin dutse irin wanda ake toyawa a yi siminti. A can ba ya wuce santimita 20, a lambu kuwa yakan kai 30 ko fiye. Saboda yawan tsinkarsa da masu yawon buɗe ido suka riƙa yi, yankin Obwalden na Suwizalan ya hana tono shi tun 1878, a Ostiriya ma doka ta fara kare shi a 1886. Har yau ba a taɓa na daji. Duk wanda ake sayarwa a tukunya daga iri aka rene shi ko daga rabon gindi.

To, ga abin da nake so ka riƙe kafin komai: yawan kulawa ke kashe tsiron nan. Wanda ya saba da kayan lambu zai ba shi baƙar ƙasa, ya zuba taki, ya yi ban ruwa safe da yamma, sai ya wayi gari ya tarar gindin ya ruɓe. Kusan duk aikin renonsa ƙoƙari ne na maido masa da talaucin da ya saba da shi.

Daga ƙasa ake farawa. Haɗin da ya fi dacewa shi ne kashi ɗaya ƙasar lambu, kashi ɗaya yashi mai manyan ƙwayoyi, kashi ɗaya tsakuwa 'yar milimita 3 zuwa 8. A kowane bokiti mai lita 10 a ƙara tafin hannu guda na dakakken farin dutsen nan, domin yana son ƙasa marar tsami, ma'aunin pH daga 6.5 zuwa 7.5. Gwajin haɗin ba wuya: ka jiƙa shi kaɗan, ka damƙa a hannu, ka buɗe. In ya watse, ya yi. In ya dunƙule ya riƙe shatin yatsunka, ƙara tsakuwa. Baƙar ƙasar furanni da ake sayarwa a buhu kuwa riƙe ruwa take yi, ba a amfani da ita zalla. Wani kuskuren da ake yawan yi a filin da ke da laka shi ne a haƙa rami a cika shi da tsakuwa, a ɗauka an gama. Ramin nan kwatami yake zama, ruwan kewaye duka ya taru a ciki. Gara a tada tudu mai tsayin santimita 15 zuwa 20 a saman ƙasa, a dasa a kansa ko a tsakanin duwatsu, ruwa ya samu gangara. In a tukunya ne, ta ƙasa ta fi ta roba saboda tana numfashi, a tabbata tana da huda a gindi, kuma kada a bar ruwa ya kwanta a farantin da ke ƙarƙashinta.

Irin ƙanana ne sosai, numfashi ma yana iya tashinsa. Ana shuka shi a ɗaki cikin Fabrairu ko Maris. Sai a ɗebi ɗan abin da yatsu biyu za su kama, a cuɗa da ƙaramin cokali ɗaya na busasshen rairayi don ya bazu daidai, a barbaɗa a saman ƙasar da ke cikin faranti, a danna a hankali da ɗan katako. Ba a rufe shi da ƙasa, domin sai ya ga haske yake tsirowa. Wanda ya binne shi ko da rabin santimita ne, sai ya yi ta jira. Ba a kuma zuba ruwa daga sama, zai kwashe irin ya tara a gefe guda. Farantin ake tsomawa cikin ruwa mai zurfin santimita 1 ko 2 har saman ƙasar ya yi danshi, sannan a ɗaga a bar shi ya tsane. A ɗora gilashi a kai, a ajiye a wuri mai haske wanda ɗuminsa yake digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Celsius, a riƙa ɗaga gilashin kullum ana share raɓar da ta taru. Cikin mako biyu zuwa uku za a ga tsiro. In wata ya cika shiru, a sa farantin cikin leda a firji, wajen digiri 4, na mako uku ko huɗu, sannan a fito da shi. Sanyin yakan tashe shi. Wasu ma ba sa wannan wahala, shukawa suke yi a waje a ƙarshen shekara su bar hunturu ya yi aikinsa. Sabon iri ya fi tsoho tsirowa nesa ba kusa ba.

Da zarar sun fito a cire gilashin. A nan ne ake asara mafi yawa: ka ga 'yan tsirran sun tsaya cas da yamma, da safe sun kwanta, ƙafar ta yi baƙi ta tsuke daidai inda ta taɓa ƙasa. Funfuna ce, danshi da cunkoso da rashin iska ke kawo ta. Wanda ya kwanta ba ya tashi, sai dai a cire shi da ƙasar da ke kewayensa, a rage ruwa, a buɗe taga. Idan sun yi ganye na gaske uku ko huɗu, a raba su ɗai-ɗai a tukwane masu faɗin santimita 7 zuwa 9. A ganye ake kamawa, ba a kara ba, don ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan.

Dashe a waje sai tsakiyar Mayu. Manoman nan suna jiran ranakun 11 zuwa 15 ga wata su wuce, su ne suke ɗauka a matsayin ƙarshen sanyin da ke ƙona tsiro. Babban edelweiss bai damu da wannan sanyi ba, amma ɗan da ya tashi a ɗaki bai saba ba, saboda haka ana fitar da shi da rana a mayar da dare na mako guda ko kwana goma kafin a dasa. Tazara santimita 15 zuwa 20. Wuri mai rana sosai, sai dai a kwari mai zafi yana jin daɗin 'yar inuwa bayan azahar. Wajen dasawa kada wuyan tsiron, wato inda ganye ya haɗu da saiwa, ya nutse. Ya ɗan ɗara saman ƙasa. Sannan a kewaye wuyan da zallar tsakuwa mai kaurin santimita 2 ko 3, a tura ta har ƙarƙashin ganyayen. A ganina wannan 'yar tsakuwa ta fi kowane magani amfani, domin ita ke hana ganye mai gashi kwanciya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Shekarar farko ganye kawai zai yi, a shimfiɗe; fure sai shekara ta biyu, daga Yuni zuwa Agusta a kwari, a tsauni kuwa daga Yuli zuwa Satumba.

Ban ruwa yana bukatar lura. Makonnin farko bayan dashe kada ƙasar ta bushe ƙarau. Bayan ya kama, sai ka cusa yatsa santimita 3, in ka ji sanyin danshi ka bar shi. Da safe ake bayarwa, a gindi, ba a kan ganye ba, domin gashin yana riƙe ruwa, in ya kwana a jiƙe sai ya yi toka-toka ya fara ruɓewa. Akwai tarko a nan: tsiron da saiwarsa ta ruɓe yaushi yake yi daidai da wanda ƙishirwa ta kama, mai shi kuma sai ya ƙara ruwa ya ƙarasa shi. In ka ga yaushi alhali ƙasa da danshi, zare shi daga tukunya ka duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa ruwan ƙasa ce, tana sulɓewa a yatsa, tana wari. In da sauran fara, a yanke ruɓaɓɓen da wuƙa mai tsabta, a sake dasawa a sabon haɗi mai yawan tsakuwa, a yi kwanaki ba a ba shi ruwa ba.

Taki kuwa, na ƙasa ba ya bukata sam. Na tukunya ana iya ba shi na ruwa sau ɗaya a Afrilu, rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalba. In taki ya yi yawa, musamman mai sa ganye, sai ya yi tsawo, ya yi kore, karan ya langaɓe, farin ya gudu. Ko ba taki ma, na kwari ba ya kai na tsauni fari, saboda hasken rana a can sama ya fi kaifi, gashin kuma ya fi cika. Masu saye sukan dawo suna ƙorafi wai an ba su jabu. Iri ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta.

Sanyin hunturu ba ya kashe shi, yana jure digiri 20 ƙasa da sifiri har fiye. Ruwan hunturu ne maƙiyinsa. A tsauni dusar ƙanƙara ke lulluɓe shi wata da watanni, a bushe yake barcinsa. A kwari kuwa yau ruwan sama, gobe daskarewa, jibi narkewa, wuyan yana jiƙe kullum. Maganin abin shi ne a ɗora gilashi a karkace a kan tubala, sama a rufe, gefe a buɗe iska na wucewa. Ba a naɗe shi da leda, gumi zai yi ya ruɓe. Tukwane a jawo su ƙarƙashin rumfa, a ɗora a kan 'yan katakai. A lokacin ganyen duk zai bushe ya yi baƙi-baƙi, wanda bai sani ba sai ya zubar. A bar busasshen ganyen a wurin har Maris ko Afrilu, sa'ad da sabon toho mai gashi ya leƙo daga tsakiya, sannan a tsince shi da hannu.

A lambu ba ya daɗewa in an ƙyale shi. Bayan shekara biyu ko uku tsakiyar gindin yakan mutu, gefe ya rage. Sai a tono shi gaba ɗaya daidai lokacin sabon toho, a ɓare shi da hannu, kowane yanki da kai biyu ko uku da saiwarsa, a yar da tsohon tsakiyar, a dasa nan take. Haka ake riƙe nau'o'in da aka zaɓa irin su Matterhorn da gajeren nan Mignon, domin in an shuka irinsu ba lallai 'ya'yan su yi kama da uwa ba. Akwai kuma ɗan uwansa daga yammacin ƙasar Sin, Leontopodium souliei, wanda ya fi haƙuri da zaman kwari; asalin dangin ma a tsaunukan Asiya suka fi yawa. A yankin Valais na Suwizalan har noma shi ake yi a gona, wani nau'i mai suna Helvetia, don masu haɗa man shafawa.

Ƙwari ba su dame shi ba sosai. Dodon koɗi, musamman marar kwanso, yakan cinye sabon toho a Afrilu da Mayu. A fita da tocila da dare a tsince. Darɓa takan taru a karan fure, a murje ta da yatsa, kada a fesa ruwa. Furen da ya gama a yanke karansa, a bar biyu ko uku don iri. In tsakiyar ta yi burtsatse da farin gashi, iri ya nuna, a yanke a sa a ambulan na takarda, a ajiye a wuri mai sanyi da bushewa. Wanda ake son busarwa don ado kuma ana yanke shi ne da zarar tauraron ya buɗe, a rataye kai ƙasa a inuwa.

Ka tambaya ko zai yi a wajenmu. Gaskiya ban ba ka shawarar ka sa rai ba. Zai iya tsirowa a lokacin sanyi, amma yana bukatar watanni na barci cikin sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, kuma zafin dare haɗe da danshin damina ruɓar da wuyansa za su yi. Ga shi iri ba ya tsallake iyaka sai da takardar shaidar lafiyar tsiro. Abin da zai yi maka amfani shi ne dabarar kanta, ta tudu da tsakuwar wuya da ban ruwa a gindi, domin tana aiki a kan kusan duk tsiro mai farin gashi a ganye. Zan ɗauko maka hotunan farantin iri da na saiwa, lafiyayya da ruɓaɓɓiya, ka sa a aikin naka.

Ka miƙa gaisuwata ga Inna da Baba, ka ce ina neman addu'arsu. A gaida su Gwaggo da yara duka. Allah ya ba ka sa'ar karatu.

Wassalam,
Yayanka