Wasiƙa kan dashen gashi ba tare da aske kai ba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki, ya kuma zaman nesa? Allah ya sa ana samun yadda ake so.

Saƙonka ya iso, kuma ka kwantar da hankalinka, ba mai jin wannan magana daga bakina. Sai dai ka ba ni dariya. Ka tambayi lafiyar kowa da kowa, har da waɗanda na san ba ka damu da su ba, sai can a layin ƙarshe ka ce wai dashen gashin nan da na yi, ana iya yinsa ba a aske wa mutum kai ba? Mutumina, ai tun hoton da ka turo bara na ga goshi ya fara cin iyaka.

Ana yi. Amma kafin ka yi murna bari in gaya maka yadda abin yake, don ina jin hanyar da kake nema ba lallai ita ce za ta rufa maka asiri ba.

Dashe ba ya ƙirƙiro gashi ko ɗaya. Naka ne ake cirowa daga ƙeya da gefen kai a mayar gaba. Sanƙon gado yana zuwa ne saboda wani sinadarin jikin namiji da ake kira DHT, wanda yake tsotse saiwar gashin gaba da na tsakiyar kai har ta sirance ta daina fitarwa. Saiwar ƙeya kuwa yawanci ba ta jin sa, kuma ko an ɗauke ta an kai ta goshi tana tafiya da halinta. Wani likitan fata a New York, Norman Orentreich, shi ya wallafa wannan a 1959, ko da yake wani likitan Japan mai suna Okuda ya riga shi gwada dashen tun 1939. A zamanin Orentreich da wani ɗan ƙarfe mai huda fata, mai faɗin milimita 4, ake ciro gashin daga ƙeya, shi ya sa gashin yake fitowa tsibi-tsibi, kowa ya gani ya gane. Yanzu ƙarfen bai cika wuce milimita 1 ba, kuma tushe ɗai-ɗai ake zarowa, kowane tushe da sili 1 zuwa 4. Wannan ita ce hanyar da ake kira FUE, wadda ta bazu bayan 2002.

To, don me ake aske kan? Ba mugunta ba ce. Likita yana son ya ga ta wace fuska kowane sili ya fito daga fata, don ya bi shi da ƙarfen ba tare da ya datse saiwar ba. In gashi gajere ne yana gani sarai, yana sauri, kuma yana iya warwatsa inda yake cira ko'ina a ƙeya don kada wuri ɗaya ya yi fayau. In ka hana shi aski, ka rage masa gani ne.

Masu cewa "babu aski" kuma ba abu ɗaya suke nufi ba, sai ka matsa da tambaya. Wasu suna aske ɗan siririn layi ko biyu a ƙeya, su bar sumar sama ta sauko ta rufe. Wasu ba sa aske ko'ina, sai dai su bi tushen da za su cira ɗaya bayan ɗaya su datse silinsa da almakashi. Akwai masu zaro tushen da dogon silinsa su dasa shi haka, ka tashi daga kan gado ka ga gashi a goshinka a ranar. Wannan ta ƙarshen tana da daɗin kallo a madubi, amma kar ta ruɗe ka, wannan silin ma zubewa zai yi. Duk cikinsu aikin ya fi daɗewa, kuɗin ya fi yawa, kuma abin da za a iya dasawa a zama ɗaya bai kai na wanda aka aske ba. Mai ɗan zaizayewar gefen goshi zai wadatu da su. Wanda sanƙonsa ya haɗe daga gaba har tsakiya, yana buƙatar tushe dubbai, ba za su kai shi ko'ina ba.

Akwai ma tsohuwar hanya da mutane suke mantawa da ita, FUT, inda ake yanko siririyar fata daga ƙeya a ɗinke wurin, a rarraba tushen a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ita tun asali ba ta buƙatar aske kai duka, sumar sama tana rufe ɗinkin. Ladanta ke nan. Haraji kuma shi ne tabo mai tsawo daga wannan gefe zuwa wancan, wanda zai hana ka askin ƙwal-kwabo har abada.

Yanzu ga inda nake son ka saurare ni da kyau. Duk dabarar nan tana dogara ne da suma mai tsawon da za ta rufe wurin da aka taɓa. Ni na ci ribarta ne saboda dama ina tara suma, na ƙara barin ta ta taru kafin aikin, aka aske mini layi a ƙeya, ina taje ta ƙasa shi ke nan. Kai kuwa tun da na san ka ba ka wuce sati biyu ba ka je wurin mai aski ba. Me zai rufe me? In ka ce sai ka tara suma tukuna, gashi santimita ɗaya kacal yake yi a wata, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma mutumin da aka saba gani da kai fes, rana tsaka ya fara tara suma ga sanƙo a gaba, ai shi ya kira ido da kansa. A wurinka aski shi ne mafaka. Ka sauke shi ƙasa sosai tun watanni kafin ranar, idon mutane ya saba, in an yi aikin ba wanda zai ce me ya sa ka yi aski.

Ga kuma wani dalili da ya shafi irin gashinmu. Murɗewarsa ba a waje kaɗai take ba, saiwar ma a lanƙwashe take a cikin fata. Ƙarfen kuwa miƙaƙƙe yake shiga, don haka datse saiwa ya fi sauƙi a kanmu fiye da kan mai miƙaƙƙen gashi. Saiwar da aka datse ta tafi ke nan, kuma ƙeya ba rijiya ba ce da za a yi ta ɗiba, abin da aka cire ba ya sake tsirowa a wurin. In ka haɗa lanƙwasasshiyar saiwa da likitan da ba ya gani sosai, ka ga inda lissafin zai kai. Sa'ar da muke da ita ita ce murɗaɗɗen gashi yana rufe fili fiye da miƙaƙƙe, ba ma buƙatar tushe da yawa kafin wuri ya cika. Amma ka nemi wanda ya saba da irin kanmu, ka ce ya nuna maka hotunan aikinsa bayan shekara, har da na ƙeya. Sannan ka duba jikinka: in kana da tabon da ya taɓa tasowa ya yi tudu, ko ƙurajen ƙeyar nan masu tauri da aski yake tayarwa, ka faɗa tun farko. Likitan kirki zai iya gwada ɗan wuri kaɗan ya gani, ko ma ya ce maka a haƙura.

Abin da masu talla ba sa nunawa shi ne kwana goman farko, kuma rashin aski ba ya hana su. Ranar aikin allurar kashe zafi ce kawai mai ciwo, bayanta sai dai ka riƙa jin ɗan ƙaran inji da taɓawa, kana kwance rub da ciki na sa'o'i. Kwana biyu zuwa huɗu goshi yakan kumbura, kumburin ya gangaro har fatar ido. Kowane tushe da aka dasa yana yin ɗan ɓawon ciwo, ɗigo-ɗigo, ga ƙaiƙayi kuma an hana ka susa. Wanka sai da kumfa a tafin hannu, ka ɗora a hankali, ka zuba ruwa da kofi. A nan doguwar suma take zama wahala, don jini da ɓawo suna maƙalewa a cikinta. Barci a jingine, kai a sama. Hula mai matsewa kuwa sai likita ya ba da izini. Saboda haka in sirri kake so, hutun sati biyu ya fi kowace dabara amfani.

Daga nan sai lokacin da ya fi gwada zuciya. Tsakanin sati na 2 da na 8 silin da aka dasa yana zubewa, wani lokaci har da na asalin da ke kewaye da shi. Za ka kalli matashin kai da safe ka ce kuɗinka sun halaka. Saiwar tana nan. Sabon tsiro yana farawa wajen wata na 3 ko na 4, siriri, ba ya cika sai shekara guda, wani har wata 18. Wannan jinkirin shi ne ainihin mai rufa asiri, don wanda yake ganinka kullum ba ya lura da abin da yake ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Ni abin da aka riƙa ce mini shi ne na yi fari, hutu ya karɓe ni.

Kar ka manta kuma sanƙon bai san an yi dashe ba, zai ci gaba da cin gashin asalin da ke bayan wanda aka dasa. Shi ya sa ake haɗawa da magani, minoxidil na shafawa ko ƙwayar finasteride, wadda Amurka ta amince da ita don sanƙo a 1997. Ƙwayar tana rage DHT, amma wasu maza kaɗan suna kukan ta rage musu sha'awa, kuma mace mai ciki ba ta taɓa fasasshiyarta. Ka zauna da likita a kan wannan, kar ka saya da ka. Ka kuma hana shi sauko maka da layin goshi irin na ɗan shekara ashirin, fuskar da za ta ɗauke shi tsufa za ta yi.

Na san za ka ce Istanbul, kowa can yake ambata. Akwai ƙwararru a can, akwai kuma wuraren da likita zai zana maka layi da alƙalami ya fice, ma'aikata su ƙarasa sauran. Ko ina ka zaɓa, ka tambaya ƙarara: wa zai riƙe ƙarfen, mutum nawa ake yi wa a rana, wa zan kira in wurin ya yi ruwa bayan na koma gida?

Maiɗakinka kam ka gaya mata. Ita za ta wanke maka ƙeyar da ba ka gani, kuma ko ka ɓoye, matashin kai zai tona.

Ka turo mini hoton kanka ta gaba, ta sama da ta ƙeya, a cikin hasken rana, ba wanda ka zaɓa don ya yi kyau ba. In na gani sai mu yi waya. Ka gaida mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Amininka